Tsohon jirgin faiba: wa za a kai wa gyara, me za a duba?

Tambayar wannan mako ta zo mana ne daga 'yan kasuwar Kotobabi da Nima da Mamobi a birnin Akra, masu sayo doya da busasshen kifi da dabbobi daga Yeji da Dambai da Kete Krachi. Wasunsu kan haɗa kuɗi su sayi tsohon jirgin ruwa na faiba saboda araha. To bayan an saya, ina za a sami mai gyara na gaskiya?

Mu fara da ruwan da jirgin zai shiga. Tafkin Volta ya samu ne bayan an kammala madatsar Akosombo a 1965, ya mamaye fili kusan murabba'in kilomita 8,500. Dazuzzukan da ruwa ya rufe ba a sare su ba, har yau kututturansu na tsaye a ƙarƙashin ruwa. Idan ruwa ya ja baya da rani sukan matso kusa da sama, jirgi mai inji ya zo da gudu ya buge su. Saboda haka gyaran da za a yi wa jirgin wannan tafki dole ya zama mai jure bugu, domin rayukan mutane da dukiyarsu ke ciki.

Mene ne faiba ɗin? Zaren gilashi ne da aka shimfiɗa kamar tabarma, a jiƙa shi da wani ruwa mai kauri kamar danƙo wanda masu aikin ke kira rezin, a ɗiga masa maganin daskarewa. Ana jera shimfiɗa kan shimfiɗa har jikin jirgi ya yi kauri. Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: kwalekwalen itacen wawa ko ya cika da ruwa yakan yi yawo a sama, mutum ya samu abin riƙewa. Ita faiba ta fi ruwa nauyi. Abin da ke hana ta nutsewa shi ne rufaffun akwatunan iska, ko wani soso mai tauri da ake cusawa ƙarƙashin kujeru da daɓe. In sun fashe ko soson ya sha ruwa, jirgi zai tafi ƙasa gaba ɗaya.

Wuri uku ne ke kashe tsohon jirgi, kuma fenti na rufe dukkansu. Na farko bangon baya, inda ake maƙala inji. A jirage da yawa katako ne a tsakiyarsa, faiba ta lulluɓe shi. Ruwa kan bi ta ramukan ƙusa ya ruɓar da katakon, daga waje kuwa ba a ganin komai. Na biyu daɓe da haƙarƙarin da ke ƙarƙashinsa. Na uku akwatunan iskar nan.

Yanzu, ina za a nema? A Kokompe akwai masu gyaran jikin mota da suka iya faiba, suna haɗa bamba da ta fashe ta dawo kamar sabuwa. Amma wannan aiki daban, na jirgi daban. Ƙullun da ake cike lotsewar mota da shi yana shan ruwa, in ya daɗe a tafki sai ya kumbura ya ɓamɓare. Mai gyaran jirgi a bakin ruwa ake samun sa: tashar masunta ta Tema, Ada Foah inda kogin Volta ke shiga teku, Akosombo, ko can Yeji. Ka tambayi shugabannin masu jirage na mashigar, su suka san wanda aikinsa ke daɗewa. Ka ce ya nuna maka jirgin da ya gyara bara wanda ke kan aiki har yanzu, ka yi magana da mai shi. Sau da yawa kuma ɗauko mai gyara zuwa inda jirgi yake ya fi sauƙi da ɗora jirgin a mota.

In ya zo, ka zuba ido. Gwani ba ya yanka kuɗi daga kallo. Zai bi jikin jirgi yana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma: wuri mai lafiya yana ba da ƙara mai kaifi, inda shimfiɗu suka rabu kuwa sai ka ji sautin ya mutu. Zai kama ƙafar inji ya jijjiga, in bangon baya ya motsa, akwai magana. Zai huda ɗan rami ya duba garin katakon da ya fito: busasshe mai haske lafiya, baƙi mai laima ruɓa ce. Sannan zai ce a kife jirgi a inuwa ya bushe sosai, ko da zai ɗauki makonni, don rezin ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Wanda ya ce maka yau ka kawo gobe ka ɗauka, rabu da shi.

Wajen toshe rami ma akwai ƙa'ida. Ana goge gefen ramin a karkace, faɗin gugar ya kai kamar sau 12 na kaurin jikin jirgi, don sabuwar faiba ta sami wurin kamawa, sannan a jera shimfiɗu da dama. In rezin poliyesta ne, maganin daskarewa kaɗan ake sa wa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100. In aka cika shi don sauri, faci zai yi zafi ya tsattsage. Ba a yin aikin cikin ruwan sama. Ka tambayi wane rezin zai sa: poliyesta ya fi araha, efoksi ya fi tsada amma ya fi kama tsohon jiki. Wanda ya daɗe a gwangwani har ya soma daskarewa, kada ka yarda da shi.

Batun kuɗi, a rubuta a gaban shaidu, kuɗin kaya daban, ladan aiki daban. A biya kashi-kashi. Kada a shafa fenti sai kai ko wakilinka ya ga aikin da idonsa. In kana Akra, a turo maka hotuna ta WhatsApp a kowane mataki. Bayan an gama, a sa jirgi a ruwa ba kaya, ya kwana, da safe a duba ko ya sha ruwa.

Wani lokaci kuma haƙuri shi ne riba. In bangon baya da daɓe da haƙarƙari duk sun ruɓe, kuɗin gyara zai iya kusantar na wani jirgin mai lafiya. Araha ba ta ado. Cire injinka ka bar gangar jikin.

Makiyaya, ku ma ga taku. Ƙaramin jirgin faiba ba na shanu ba ne. Kofato na fasa daɓe, kuma da saniya ɗaya ta firgita, nauyi zai koma gefe guda. Akwai manyan jiragen fito na kamfanin Volta Lake Transport tsakanin Yeji da Makango, da Dambai, da tsakanin Adawso da Ekye Amanfrom. Jiransu ya fi asarar garke.

A ƙarshe, hukumar kula da sufurin ruwa ta Gana, wadda aka kafa da dokar 2002, ita ke da alhakin duba lafiyar jirage. Ku nemi jami'anta kafin ku soma ɗaukar fasinja, ku tanadi rigar ceto ga kowane mutum, kuma kada lodi ya wuce kima ko da ranar kasuwa ce.

Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa.