Watannin da Tabarma ta Zama Aji

Shirinmu na yau daga tsakar gidana zai fara.

A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Najeriya. Lokacin 'yata tana aji uku na firamare, kuma duk zango da sakamako mai kyau take dawo mini. Ran da na shimfiɗa tabarma na miƙa mata littafinta na Turanci, sai ta rero shafin farko tas. Na sa tafin hannu na rufe hoton da ke shafin, na nuna mata kalma guda a tsakiyar layi, na ce, "Uwata, karanta mini wannan." Ta yi shiru, ta sunkuyar da kai. Ashe hadda ce kawai, shekara uku yarinya tana bin bakin malami. Wallahi a daren nan ban runtsa ba.

Washegari na ajiye Turancin, muka koma Hausa, baƙi da wasali: ba, be, bi, bo, bu. Hausar boko kusan yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta, shi ya sa yaron da ya kama sautin harafi yake saurin haɗa kalma da kansa. Lissafi kuwa da ƙwayar wake muka yi shi, da canjin cefane. Idan aka sa darasi a rediyo, kamar yadda jihohi irin su Kano da Kaduna suka riƙa yi, sai mu zauna tare, ina tsinkar zogale tana rubutu.

Akwai wuya fa. Ga sanwa a murhu, ga goyo, ga haƙuri yana ƙarewa. Ranar da na daka mata tsawa har ta jiƙa takarda da hawaye, na gane irin nauyin da malamin da ke riƙe da aji cunkus yake ɗauka. Amma kafin damina ta ɗauke, ita ke karanta wa ƙannenta labari daga Magana Jari Ce.

Karatun gida ba baƙo ba ne a wurinmu. Nana Asma'u a gidan mahaifinta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta yi nata, ta kuma tura malamai mata da ake kira jajoji suna koyar da matan karkara. A Amurka yau doka ta yarda iyaye su riƙe yaro a gida gaba ɗaya, a Jamus kuwa an hana. Ni dai da aka buɗe makarantu na mayar da 'yata, domin kewar ƙawayenta ta ishe ta, ni kuma ba zan iya zame mata sa'ar wasa ba. Tabarmar dai har yau muna shimfiɗa ta bayan magariba.

Iyaye, don Allah yau da dare ku kira yaronku, ku buɗe littafinsa, ku rufe hoton, ku nuna masa kalma guda ya karanta.