Jirin Juya Kai: Abin da Ke Biyo Bayan Magani

A can cikin kunne akwai wani ɗan aljihu mai ɗauke da ƙananan tsakuwoyi na sinadarin kalsiyam, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda kai yake zaune, kusa da shi kuma akwai bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, da ke lura da juyawar kai. Idan wasu tsakuwoyin suka ɓalle suka faɗa cikin ɗaya daga bututun, galibi na baya, sai mutum ya ga ɗaki na juya masa duk sa'ad da ya mirgina a gado, ko ya ɗaga kai sama, ko ya sunkuya ruku'u da sujada, ko da yake jirin bai cika wuce minti ɗaya ba. Likitoci na kiransa BPPV, suna gano shi da gwajin da Margaret Dix da Charles Hallpike suka bayyana a Landan a 1952, suna kuma magance shi da dabarar da John Epley na Amurka ya wallafa a 1992, inda ake kwantar da majinyaci a riƙa juya kansa daki-daki har tsakuwoyin su koma mazauninsu.

Dabarar na warkar da mafi yawan masu ciwon a zama ɗaya ko biyu, amma abubuwa biyu sukan biyo baya, kuma sau da yawa majinyata kan ɗauke su abu guda. Na farko shi ne ragowar jiri: ɗaki ya daina juyawa, gwaji ya nuna bututun ya washe, duk da haka mutum na jin kansa ba nauyi, yana tangaɗi idan ya waiwaya da sauri ko yana tafiya cikin duhu. Ana danganta wannan da lokacin da ƙwaƙwalwa ke buƙata kafin ta sake sabawa da saƙon kunnen, ya fi kama tsofaffi, da masu fargaba, da waɗanda suka daɗe da ciwon kafin su ga likita, kuma yakan gushe cikin kwanaki ko makonni. Zaman ɗaki da shan ƙwayoyin kwantar da jiri na iya jinkirta sabawar, ga kuma barci da ƙwayoyin ke sawa, wanda ga tsoho ƙarin haɗarin faɗuwa ne da karayar ƙugu. Tafiya da atisayen daidaita jiki sun fi amfani.

Na biyu shi ne dawowar ciwon kansa, domin dabarar Epley mayar da tsakuwoyi take yi, ba ta hana wasu ɓallewa. Wani bincike da aka yi a Jamus, wanda ya bi majinyata na kimanin shekara 10, ya nuna cewa rabinsu ciwon ya dawo musu, akasari a cikin shekarar farko. Haɗarin ya fi yawa ga mata, da waɗanda suka taɓa buguwa a kai, da masu raunin ƙashi ko ciwon ɓarin kai. A 2020 aka wallafa sakamakon gwaji daga Koriya ta Kudu a kan mutum 1,050, inda ba wa masu ƙarancin bitamin D wannan bitamin tare da kalsiyam na tsawon shekara ya rage dawowar da kashi 24 cikin 100. Idan ciwon ya dawo, ana sake gwajin gano shi ne kafin a maimaita dabarar, tunda yana iya sauya bututu ko ma kunne. Jirin da ya zo da karkacewar baki, ko sarƙewar harshe, ko gani biyu-biyu kuwa, yana iya zama shanyewar ɓarin jiki, wadda ke buƙatar asibiti nan take.