Yadda Man Fetur Ke Narkewa Cikin Ruwan Rijiya

A watan Agustan 2011 ne Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan gurɓacewar ƙasar Ogoni a Jihar Ribas. Wurin da ya fi tayar da hankalin masu binciken shi ne Nisisiyoken Ogale, a ƙaramar hukumar Eleme. A can, kusa da wani bututun tataccen mai, sun tarar da man da kaurinsa ya kai santimita 8 yana kwance a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, wato ruwan da rijiyoyin garin ke tsotsa. Sinadarin benzin da ke cikin ruwan shan jama'a ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Benzin kuwa sananne ne wajen haddasa sankarar jini.

A nan ɗalibi zai yi tambaya. Tun a firamare aka koya masa cewa mai ba ya haɗuwa da ruwa, to ta yaya abin da ke kwance a sama ya shiga cikin ruwan?

Amsar ita ce fetur ba abu guda ba ne. Gauraye ne na ɗaruruwan sinadarai, kowanne da irin halinsa a gaban ruwa. Mafi yawansu da ƙyar suke narkewa. Benzin ya fita daban: idan tsantsarsa ce, lita guda ta ruwa na iya narkar da kimanin miligiram 1,780. Amma a cikin gauraye kowane sinadari yana narkewa ne daidai da rabonsa, kamar gado. Wannan ƙa'ida ta samo asali daga aikin wani masani Bafaranshe mai suna Rawul a shekarun 1880. Alal misali, idan benzin kashi 1 ne cikin 100 na fetur, ruwan da ke taɓa man zai ɗauki wajen miligiram 18 kacal a lita.

Kalmar "kacal" ɗin nan tana da ruɗi. Ƙa'idar ruwan sha ita ce miligiram 0.01 a lita, don haka miligiram 18 ya ninka ta sau 1,800. Abin da aka auna a Ogale ya yi kusan rabin wannan. Wato lita guda ta ruwan rijiyar sai an sirka ta da lita 900 ta ruwa mai tsabta kafin ta sauko kan ƙa'ida. Malamin lissafi da ke neman misali mai rai ga 'yan aji biyar ya samu. Kuma kada a dogara da hanci, domin ruwa kan wuce ƙa'idar nesa ba kusa ba alhali ba ya wari.

Tun da kaɗan-kaɗan ake narkewa, man da ke kwance yana iya shafe shekaru yana ciyar da ruwan guba. Masu saurin narkewa su ke fara fita, saboda haka siffar gurɓatar kan sauya da tsufan malalar.

Al'amarin yana ƙara rikicewa idan aka zuba wa fetur sinadari mai son ruwa. An ga haka a Amurka, inda a shekarun 1990 aka riƙa haɗa fetur da MTBE don rage hayaƙin motoci. Wannan sinadari ya fi benzin narkewa fiye da sau ashirin, ba ya manne wa ƙasa sosai, ga shi ƙwayoyin halitta ba sa cinsa da sauƙi. Idan tankin gidan mai ya yi yoyo, shi ke kan gaba zuwa rijiya. A 1996 birnin Santa Monika na Jihar Kalifoniya ya rufe rijiyoyin da ke ba shi kimanin rabin ruwan shansa saboda MTBE, kuma daga 2004 jihar ta hana amfani da shi.

Da itanol aka maye gurbinsa, wato barasar da ake samu daga masara ko rake. Itanol yana gauraya da ruwa baki ɗaya, kuma shi kansa manarki ne. Idan ya malala da yawa, yakan zama ɗan tsakani, ya ja benzin da 'yan'uwansa cikin ruwa fiye da yadda za su shiga su kaɗai. A fetur mai kashi 10 na itanol wannan tasiri ba shi da girma. Babbar illar tana wajen bakteriya.

A cikin ƙasa akwai bakteriyar da ke cin benzin, suna mai da shi ruwa da iskar kabon dayoksaid, muddin suna samun oksijin. Su ne ke hana yawancin malalar mai yin nisa. To amma oksijin ɗin da ke cikin ruwan ƙasa ɗan kaɗan ne, bai cika wuce miligiram 10 a lita ba. Da itanol ya iso, sai su yi caa a kansa, domin ya fi sauƙin ci, su ƙarar da oksijin. Benzin sai ya wuce ba mai tare shi, ya bi gangaren ruwa zuwa rijiyoyin da da ba zai kai ba. Shi itanol ɗin ya ɓace tuni, mai awo ma ba lallai ya same shi ba.

Akwai kuma manarkan wanke ƙarfe da na wankin tufafi ba da ruwa ba, masu sinadarin kulorin. Waɗannan sun fi ruwa nauyi, don haka nutsewa suke yi har ƙasan maɓuɓɓuga. Inda suka haɗu da mai, kamar a garejin kanikawa ko bayan masana'anta, nauyin gaurayen ne ke yanke ko zai yi sama ko ƙasa. Mai binciken da ya ɗebi ruwan saman rijiya kaɗai yana iya komawa da sakamako mai kyau, alhali gubar tana can ƙasa.