"Da Sauƙi" Ba Amsa Ba Ce ga Mai Sabuwar Gwiwa

Ka je dubiya ka tambayi tsohuwar da aka sauya wa gwiwa jiya, "Hajiya, ya jiki?" Gumi na tsattsafo mata, ta damƙe ƙarfen gado, amma "da sauƙi" za ta ce. A wurin ɗan dubiya wannan dattako ne. A wurin likita kuwa rufa-rufa ce mai tsada.

Daga unguwarmu ta Kwaciri zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, ba wata tafiya ba ce, kuma can yawancin masu ciwon gwiwarmu ke nufa. Abin da ba a cika sani ba shi ne, ba don majinyaci ya sha barci kawai ake kashe masa zogi ba. So ake ya miƙe ya taka, galibi cikin kwana ɗaya da aiki, ya kuma fara lanƙwasa ƙafar a hannun masu gashin ƙashi. Gwiwar da zafi ya hana motsawa a makonni shida na farko sandarewa take yi, doguwar kwanciya kuma na jawo daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa.

Shi ya sa likitoci ke haɗa hanyoyi. Akwai allurar baya lokacin aiki, da wadda ake yi a cinya ta kashe jijiyar da ke kai saƙon zafi. In aka yi ta can sama kusa da matsematsi, cinya kan saki har mutum ya faɗi, don haka da yawa suka koma yin ta a tsakiyar cinya. Sai farasitamol a kan lokaci, kada ya wuce giram 4 a rana, da dangin ibuprofen, waɗanda mai olsa ko ciwon ƙoda zai yi kaffa-kaffa da su.

Taramol da mofin na kwanaki kaɗan ne. Suna kawo jiri da amai da taurin bayan gida. Mu da muka ga abin da ya kai ga haramta kodin na ruwa a 2018, ba sai an yi mana wa'azi ba. Amma tsoron sabo da irin waɗannan magunguna ya yi wa wasu yawa, har 'ya'ya su ɓoye wa uwarsu abin da likita ya rubuta, su bar ta da haƙuri. Wasu kuma su aika yaro kemis ya ƙaro.

Mafi arha duka ita ce ƙanƙara. A naɗe ƙulli a tawul, a ɗora minti 15 zuwa 20, ƙafar na bisa matashi, musamman bayan an dawo daga gashi.