Zinare, baƙi ko tagulla: wace kala za ta jure ƙurar hanya a wilin motar tsere?

Duk mai sha'awar motocin tsere ya san hoton nan: Subaru Impreza shuɗiya, wilinta huɗu ruwan zinare, tana keta daji ƙura na bin ta a baya. Da irin wannan mota Colin McRae, ɗan Sikotilan, ya zama zakaran tseren rali na duniya a 1995, kamfanin Subaru kuma ya ɗauki kambun masu ƙera motoci sau uku a jere, daga 1995 zuwa 1997. A 1997 ɗin McRae ya ci tseren Safari na Kenya da ita, a kan hanyar ƙasa irin wadda muka sani. Tun daga lokacin shuɗi da zinare suka zama kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai, har ta kai wanda bai taɓa kallon rali ba in ya sayi shuɗiyar mota sai ka ji yana tambayar mai fenti ko yana da ruwan zinare.

Wili dai shi ne ƙarfen da taya ke zaune a kai, kuma a motocin tsere yawanci na alminiyam ne. Sake masa fenti ya fi sayen sabo araha nesa ba kusa ba, ga shi yana sauya kamannin mota baki ɗaya. Shi ya sa samari ke rububinsa. Sai dai kafin mutum ya cire kuɗi daga aljihu, akwai abubuwan da hotunan Instagram ba sa nunawa.

Kusan kowace kala da ake yayi tana da asali. Farin wilin da ake gani a motocin Honda masu suna Type R ya samo tushe daga farar motar RA272, wadda Richie Ginther ya ci wa kamfanin nasararsa ta farko da ita a tseren Formula 1, a Meziko, a 1965. Porsche 911 Carrera RS ta 1973 ta fito da farin jiki da wili ja, ko shuɗi, ko kore, daidai da rubutun da ke gefenta. Ruwan tagulla kuwa ya yi suna ne da wilin TE37 da kamfanin Rays na Japan ya fitar a 1996. To amma motar tsere ta gaske tana da ma'aikatan da ke goge ta bayan kowane zagaye. Kai fa, wa zai goge maka?

A nan ƙurar birki ke shigowa. Duk lokacin da direba ya taka birki, takalmin birki na goga faifan ƙarfe, su biyun suna zubar da gari mai duhu. Garin nan yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe mai zafi, yana manne wa fenti, in ya sha ruwa ya yi tsatsa, ya bar ɗige-ɗige masu launin ƙasa da sabulu kaɗai ba ya fitarwa. Wilin gaba ya fi shan wahala, domin birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota. Motar tsere kuwa birkinta manya ne, garin da take zubarwa ya fi na ƙaramar motar gida.

Ɗora jar ƙasar hanyoyinmu a kan wannan, da ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, da taɓon damina. Farin wili yana da kyau ƙwarai ranar da ya fito daga wurin fenti. Bayan kwana biyu na gaba sun koma toka-toka, na baya suna nan da ɗan haskensu, motar ta zama kamar ta sa takalmi wari da wari. Ruwan azurfa ya fi shi haƙuri kaɗan.

Baƙi ne ya fi yaudarar mutane. Ana ɗauka tunda garin birki mai duhu ne, baƙin wili zai ɓoye shi. Eh, yana ɓoye garin birki, amma jar ƙura a kan baƙi tana fitowa ɓaro-ɓaro, mai ƙyalli ne ko marar ƙyalli. Ga wata matsalar: ranar da wili ya gogi bakin kwalbati ko gefen kwata, farin alminiyam ɗin da ke ƙasa zai bayyana kamar an ja layi da alli a kan allo. Marar ƙyallin ma ba a iya goge masa ƙarzuna, don in aka goge wurin sai ya yi sheƙi ya bambanta da saura. Kuma baƙar taya, baƙin wili, ga duhun ƙarƙashin bodi, sai zanen wilin da aka kashe wa kuɗi ya ɓace, daga nesa rami kawai ake gani. A ganina an cika yabon baƙi fiye da kima.

In za a bi ta tawa, ruwan tagulla da toka mai duhu su ne suka dace da ƙasa irin tamu. Tagulla tana kusa da launin ƙurar kanta, saboda haka mota na iya yin mako ba wanki ba tare da ta yi muni ba. Tana shiga da shuɗiyar mota, da fara, da baƙa, da koriya mai duhu. A kan jar mota ce take ɗan rikici, nan toka mai duhu ta fi. Zinare mai haske yana son shuɗi ko fari ko baƙi, kuma yana son mota ƙanƙanuwa mai zafin nama. In aka sa shi a mota ruwan azurfa sai ya yi kamar haƙorin Makka a bakin yaro. Kore shar da ruwan lemo da ja kuwa, mai su ya tuna da ranar sayarwa. Mai saye da yawa zai fara lissafin kuɗin sake fenti, ya cire shi daga farashi.

Kala ke nan. Aikin da ke ƙarƙashinta ya fi ta muhimmanci, domin shi ya shafi rai.

Hanya biyu ake bi. Akwai fentin ruwa da ake fesawa da bindigar feshi, irin wanda masu fenti a Suame Magazine ta Kumasi ke yi kullum: a kankare tsohon, a sa shimfiɗar farko, a fesa kala, a rufe da ruwan ƙyalli. Akwai kuma fentin hoda, wanda ake fesa busasshen gari da ƙarfin lantarki ya manne wa ƙarfen, sannan a gasa a tanda mai zafin digiri 180 zuwa 200 na kamar minti 10 zuwa 20. Na hoda ya fi kauri, ya fi jure tsakuwa. Amma alminiyam ɗin wili tun a masana'anta an gasa shi da lissafi don ya yi ƙarfi, kuma zafi mai yawa na dogon lokaci yana iya rage masa wannan ƙarfin. Don haka a tambayi mai aikin zafin tandarsa da minti nawa yake bari. Wanda ya ce yana ƙone tsohon fenti da wuta don ya yi sauri, a kwashe wilin a bar masa shagonsa. Kafin shiga tanda dole a cire taya, da bawul, da dalmar balans, da na'urar auna iska in motar na da ita. Fentin gwangwani na kasuwa kuwa, in ba a gyara ƙarfen sosai ba, zafin birki da tsakuwa sukan sa ya fara ɓarewa kafin damina ta zagayo.

Lokacin da aka kankare wili tas shi ne damar duba shi. Wilin da ya sha faɗawa ramuka yakan yi tsaga siririya a leɓen ciki ko a gindin ƙafafunsa, kuma sabon fenti yana rufe ta ruf. Wanda zai sayi na hannu a Abossey Okai ta Akra ko wata kasuwar kayan mota, ya yi hattara da wilin da ke sheƙin sabon fenti. Ya juya shi ya dubi cikinsa, ko akwai alamar walda ko wurin da aka cike. Wilin da ya tsage a ƙafa ba na gyara ba ne, balle a motar da ake gudu da ita.

Sai abin da masu fenti da yawa ke sakaci da shi. Wuri biyu ba a so fenti mai kauri ya taɓa: fuskar bayan wili da ke haɗuwa da kan gatarin mota, da ramukan da noti ke zama. In fenti ya shiga tsakani, za a ɗaure noti ya yi kamar ya kama, amma da birki ya yi zafi fentin ya yi laushi ya matse, sai noti ya saki. Daga nan sitiyari ya fara rawa, in ba a lura ba taya ta fita ana cikin tafiya, Allah ya kiyaye. A rufe wuraren nan da tef kafin feshi, ko a kankare su bayan an gama. A ɗaure noti da sifana mai awo, gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa, a sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100. Balans ma sai an sake shi, tunda an cire taya an mayar.

Ga wanda har yanzu zuciyarsa ke rawa tsakanin kala biyu, akwai feshin roba irin su Plasti Dip da ake ɓarewa da hannu in an gaji da shi. A fesa wa wilin gaba na dama kala ɗaya, na hagu ɗayar. A duba su da tsakar rana, a sake dubawa dab da magariba, domin zinare da tagulla suna sauya fuska da haske. Sannan a yi mako guda ana zirga-zirga a hanyar da aka saba bi, kada a wanke. Ranar ta bakwai a ja baya kamar taku goma a dubi kowane gefe.