Daga Turai zuwa Kelle: Dalilin da ya sa katin hoto mai tsada ke ƙin aiki a kwamfutar gida

Cikin saƙon da 'yan ci-rani ke aiko wa ƙannensu daga Faransa, Dubai ko Amurka, yanzu har da kayan kwamfuta, musamman katin hoto, wato na'urar da ke zana hotunan wasa a kan allo, wadda 'yan kasuwa ke kira GPU. Sai dai a gari irin Kelle, da ke arewa da Gure a jihar Damagaram, katin da ya fi tsada ba lallai ne ya fi amfani ba. Idan bai dace da kwamfutar ba, ko ya fi ƙarfin wutar da ake da ita, kuɗi sun tafi, kuma babu shagon da za a mayar da shi a kusa.

A fara buɗe akwati

Yawancin kwamfutocin tebur na hannu da ake samu a kasuwanninmu tsofaffin na ofis ne, irin su Dell OptiPlex, HP ProDesk da Lenovo ThinkCentre. An ƙera su ne don rubutu da lissafi, shi ya sa da yawansu sirara ne, kuma na'urar da ke raba musu wuta ba ta wuce wat 180 zuwa 240 ba.

Abu uku ake dubawa kafin a sayi kati. Na farko, ko babban allon kwamfutar yana da dogon gurbin nan mai suna PCIe x16, inda ake soka katin. Na biyu, tsawo da faɗin akwatin, domin siririn akwati gajeren kati kawai yake ɗauka. Na uku, adadin wat ɗin da aka rubuta a jikin na'urar raba wuta.

Gurbin PCIe da kansa wat 75 yake iya bayarwa. Katin da ke buƙatar fiye da haka sai an jona masa ƙarin waya mai baki 6 ko 8, kuma yawancin kwamfutocin ofis ba su da ita. RTX 3060 na kamfanin Nvidia yana cin wat 170, kamfanin kuma ya ba da shawarar a haɗa shi da na'urar wuta mai wat 550. RTX 4090 kuwa shi kaɗai wat 450 yake ja.

Lissafin wuta

Wutar da ake sha a jihohin Damagaram da Maraɗi ta dogara sosai da layin da ya taso daga Katsina. Lokacin da Najeriya ta katse wutar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai a watan Maris na 2024 aka ba da umarnin maido ta. A karkara kuwa, gidaje da dama sola da batir ko janareta suke dogaro da su.

Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe kimanin wat 1,200 na awa ɗaya, amma idan na ruwa ne rabi kawai ake so a sha don kada ya mutu da wuri. Kati mai wat 450 zai cinye wannan rabin cikin awa ɗaya da minti 20, ba a ma lissafa allo da sauran kwamfutar ba. Mai wat 75 zai kai awa takwas.

Wannan ne ya sa ƙananan katuna suka fi dacewa da Kelle. GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019 wat 75 suke ci, kuma akwai samfurinsu gajeru da ba sa neman ƙarin waya. RTX 3050 mai giga 6, wanda ya fito a 2024, wat 70 yake ci. RX 6400 na kamfanin AMD wat 53 ne kacal, amma ƙarfinsa yana raguwa a tsohon allo mai PCIe 3.0. Ga masu sha'awar ƙwallo, GTX 1050 Ti shi ne mafi ƙarancin katin da EA Sports FC 24 ke nema, tare da RAM giga 8.

Zafi da ƙura

A watannin Afrilu da Mayu zafi a yankin kan haura digiri 40, hunturu kuma yana zuwa da ƙurar da ke toshe fanka. Katin da ya yi zafi da yawa yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone, sai wasa ya riƙa tsinkewa. Ɗaga akwatin daga ƙasa, hure ƙura lokaci-lokaci da sanya sitabilaiza sun fi sayen sabon kati araha.

Hattara da na hannu

Mai saye daga Damagaram, ko daga Titin Beirut da kasuwar Farm Centre a Kano, zai tarar da katunan hannu masu araha. A ranar 15 ga Satumban 2022 tsarin Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙar kuɗin intanet, daga nan dillalai suka zubo tsofaffin katuna kasuwa. RX 580 na cikin waɗanda suka sha wannan aikin dare da rana, ga shi kuma yana cin wat 185.

Akwai kuma na jabu, tsohon katin da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z kyauta ce, kuma tana tona asirin da yawa daga cikinsu. Ya kamata a kunna katin a gaban mai shago, a buga wasa na ɗan lokaci, a ga zafinsa kafin a biya.

Ga mai aikowa daga waje

Kafin ɗan ci-rani ya shiga shago, ya nemi a turo masa hotuna uku ta WhatsApp: cikin akwatin a buɗe, takardar jikin na'urar wuta, da bayan allon kallo. Na ƙarshen yana da muhimmanci domin sababbin katuna ba su da kafar VGA, sai HDMI da DisplayPort, don haka tsohon allo zai buƙaci mahaɗi. Idan kuma kwamfutar ce gaba ɗaya za a aiko daga Amurka, a tabbata tana karɓar bolt 220 na Nijar. Wasu tsofaffi suna da ɗan makunni a baya, idan aka bar shi kan 115 na'urar wutar tana iya ƙonewa da zarar an jona.

Idan furosesan kwamfutar ya tsufa sosai, babban kati ba zai nuna ƙarfinsa ba. A irin wannan hali ya fi a raba kuɗin: ƙaramin kati, ƙarin RAM, da batir mai kyau.