Guzurin Alhaji Amana Ne

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ƴan uwa Musulmi, a cikin wannan wata mai alfarma wasunmu suna shirin Umra, wasu kuma sun fara biyan kuɗin kujerar Hajji. Wani shanunsa ya sayar, wani albasar da ya noma, wata kuwa shekara goma ta yi tana adashi. Wannan guzuri amana ne, kuma kiyaye shi yana cikin addini.

Malamanmu na Malikiyya, wajen bayanin ikon da ke wajabta Hajji, sun shardanta amincin rai da na dukiya. Tirmizi kuma ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi da ya ɗaure ta sannan ya dogara. Ke nan sakaci ba tawakkali ba ne.

Damfara tun daga gida take farawa. Wani zai zo da kujera mai araha, ashe bizar ziyara ce ko ta Umra, wadda ba ta ba mutum izinin Hajji. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mahajjata 1,301 cikin tsananin zafi, mafi yawansu ba su da izini, babu tanti, babu motar ɗauka, suna tafiya a ƙasa cikin rana. Saboda haka kada mu ba da kuɗinmu sai ga ajans ɗin da hukumar Hajji da Umra ta ƙasa ta amince da shi, kuma mu karɓi takardar shaidar biya.

A filin jirgi, kada kunya ta sa mu karɓi ƙunshin da ba mu ga cikinsa ba, ko da an ce magani ne za a kai wa ɗan uwa. Safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya hukuncinta yana kaiwa ga kisa, kuma wanda aka kama da kaya shi ne mai kaya.

A Harami kuwa, mu sani tsarkin wuri bai tsarkake zuciyar kowa ba. Ɓarawo cunkoso yake nema, musamman wajen ɗawafi da jifa. Mu raba kuɗi kashi biyu ko uku, mu fita da na yini kaɗai cikin ɗamarar ihrami. Iyayenmu mata, kada a ƙulle kuɗi a bakin zane ko a rataya jaka a baya, domin reza ba ta ƙara. Wanda ya ce a biya shi ya kai mutum sumbantar Hajarul Aswadi, a rabu da shi: sumba sunna ce, kuma wanda bai samu iko ba kabbara ta wadatar masa.

Sai batun hadaya. Akwai mutanen kirki masu jin Hausa da yawa a Makka, amma gaisuwa da harshenmu ba shaidar amana ba ce. Wani yakan karɓi kuɗin rago bai yanka ba, ya bar alhaji da jini a wuyansa bai sani ba. Mu biya ta hanyar da hukumomin can suka tsara, da sanin shugaban tawagarmu.

A ƙarshe mu duba kanmu. Tsintuwa a Harami ba ta halatta sai ga mai cigiyar mai ita. Wanda ya tsinci jakar wani ya miƙa ta ga ma'aikatan Harami.

Allah Ya kai maniyyatanmu lafiya, Ya komo da su lafiya, Ya karɓi ibadarmu baki ɗaya. Amin.